Kwana Uku da Aka Tsayar da Motar Amastan

Aikin Nomau a ofishin kamfanin sufuri na Arlit bai wuce layi biyu a takarda ba. Duk kamiyon, wato babbar motar kaya, da ta shigo, sai ya rubuta kilomita nawa ta yi da kaya, nawa ta yi wayam. Da wannan shugabansu da ke Yamai yake gane ko motoci aiki suke ko man gazuwal kawai suke ƙonawa. Tun da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan, layin wayam ya yi ta tsawo. Motoci na hawowa da siminti da shinkafa, amma babu abin saukowa da shi. Duk ƙarshen wata sai waya ta zo da faɗa.

Wata Litinin da hantsi, Amastan, tsohon direba, Buzu ɗan Dannet, ya shigo riƙe da hannun wani dattijo ramamme mai tari. Sunansa Dodo, mutumin Tahoua kamar Nomau. Shekara ashirin da takwas ya yi yana aiki a ƙarƙashin ƙasa, a ramin Akokan.

"Gobe zan sauka," in ji Amastan. "Malam Dodo zai zauna gaba da ni. Likita ya ce a kai shi gida."

Nomau ya duba takardarsa. An yi masa alkawarin buhunan albasa daga lambunan duwatsun Ayar, suna tafe. In motar ta jira su, kilomita ɗari shida da hamsin za su koma layin kaya.

"Baba, ku yi haƙuri kwana biyu," ya ce.

"Ɗana, ina so in tarar da ɗiyata Zinariya da raina," Dodo ya ce, sannan ya zauna a bencin bakin ƙofa. "Amma aikinka ne."

Kwana biyu suka zama uku. Kowace safiya Dodo na zuwa da ƙunshin kayansa, ya zauna a bencin, ya yi tari har azahar. Albasar ba ta zo ba, wani ya riga su ɗauka a Agadas. Ranar Juma'a motar ta tashi wayam.

Bayan mako guda Amastan ya dawo. Bai zauna ba, bai sauke rawaninsa daga baki ba.

"Bai kai ba. Mun wuce Abalak kaɗan ya jingina da kafaɗata. Na ɗauka barci ne. A gefen hanya muka sa shi."

Nomau ya daɗe riƙe da biro kafin ya rubuta ɗari shida da hamsin a layin wayam. Takardar ba ta da wurin mutum.

"Tun ranar motar ya yi nauyi," Amastan ya ƙara, da irin Hausarsa. "Babu komai a baya, amma a hawa sai na sauya giya kamar da siminti."

Daga nan Nomau ya fara jin tari a bakin ƙofa, da rana tsaka, lokacin da titi ya mutu don zafi. Ya leƙa, babu kowa. Ya sa aka ɗauke bencin. Tarin bai bi bencin ba.

Da hutunsa ya zo, ya shiga motar Amastan. Bayan Abalak suka tsaya wurin tarin duwatsu ƙarƙashin wata bagaruwa, inda aka sa Dodo, suka yi addu'a, suka wuce. A Tahoua ya nemi gidan Zinariya. Ya same ta tana tankaɗe a tsakar gida, ya durƙusa, ya faɗa mata komai, har albasar.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ajiye rariya, ta share hannunta a zane.

"Mutum nawa suka yi mishi salla?"

"Huɗu. Direban, da makiyaya uku da suka zo wucewa."

"Ka san sunansu?"

"A'a."

"To ka tambayo mini," ta ce. "Ina so in riƙa sa su cikin addu'a."

Nomau ya fita neman Amastan a tasha, ko da yake ya san shi ma bai tambayi makiyayan sunansu ba.