Takardar Awon Shanu

Wata uku kacal Korotimi ta yi tana hutun haihuwa, amma da ta dawo tashar binciken dabbobi da ke bayan garin Bobo, sai ta tarar an ba wata aikinta. Shekara biyu ta yi tana naci kafin a yarje mata ta gano kwana nawa maganin cutar sammore ke yi a nonon saniya kafin ya fita. Yanzu aikin yana hannun Jeneba, wadda Korotimi da kanta ta koya wa neman jijiya a wuyan saniya.

"Yaya, sannu da dawowa! Kai, jego ya karɓe ki," in ji Jeneba.

"Ke ma aikina ya karɓe ki, har kumatu kin yi."

Jeneba ta yi dariya. Korotimi ba ta yi ba.

Shi kuwa Dakta Sanu, shugaban tashar, ba shi da zance sai Jeneba. Kwana uku, in ji sakamakonta, nono ya tsarkaka. Ranar Alhamis za ta karanta shi a gaban baƙi daga Wagadugu. Duk lokacin da Dakta ya ce "yarinyar nan akwai kwanya", sai Korotimi ta ji kamar an zuba mata barkono a ƙirji.

Ranar Litinin ta shiga garke, ta tsaya tana kallon Jeneba na aiki. Tashar ba ta da sikelin shanu. Igiyar awo ake zagaya wa ƙirjin saniya, a duba takardar da ke manne a bango a ga nauyinta, sannan a ja magani daidai da shi. Nan take ta gane. Takardar nan ta muturu ce, gajerun shanu marasa tozo da tashar ta saba kiwo. Shanun wannan gwaji kuwa masu tozo ne, dogaye, sun fi abin da takardar ke faɗa nauyi. Ashe maganin da Jeneba ke ba su bai kai ba, dole ya fita da wuri.

Wani sanyi ya ratsa ta. Ta ƙudura ba za ta tona kuskuren ba tukuna. Sai Alhamis, a gaban baƙi, za ta ɗaga hannu ta yi tambaya guda, aikinta ya dawo mata.

Talata da hantsi, tana ba jaririnta nono a inuwar mangwaro, ta ji Dakta a waya yana cewa yau za a aika wa ƙungiyar mata masu sayar da nono saƙo: kwana uku bayan allura, su tatsa su sayar. A wurin matan nan take sayen kindirmon da take dama wa babban ɗanta gero da shi kowace safiya. Likitocin ƙauye kuwa cikakken magani suke yi wa shanu, kwana uku ba za su isa ya fita daga nonon ba.

Ta goya yaron, ta tarar da Dakta da Jeneba a ofis. Ta faɗi abin da ta gani, ba ta ƙara ko gishiri ba.

Jeneba ta dafe tebur. "Yaya, jiya kina tsaye a kaina. Tun jiya kin sani?"

Korotimi ta gyara ɗaurin goyonta.

"Wa ya rubuta takardar?" Dakta ya tambaya.

"Ni ce," in ji Korotimi.

"Ba ki rubuta irin shanun a kanta ba?"

"Kowa ya san ta muturu ce, Dakta."

"Kowa ban da wadda ta zo bara." Ya cire tabarau ya murza ido. "A tsayar da saƙon. A sake gwajin daga farko. Jeneba, ke za ki ci gaba da jan aikin, tunda kin riga kin san shanun. Korotimi, ke ki riƙe awo."

Da suka fito, Jeneba ta miƙa mata igiyar ba tare da ta dube ta ba.

"Ga ta, Yaya. Saniyar da ke bakin ƙofa tana harbi."

"Na san ta tun tana maraƙa," in ji Korotimi. Ta naɗe igiyar a hannu, ta bi bayanta zuwa garke.