Takalmin Hagu

Ma'aikaciyar jinya na warware tsumman da ke ƙafar matarsa, Mai Takalma ya kau da kai ya dubi bango. Warin ya riga ya gaya masa. Shekara talatin yana aikin fata, ya san warin wadda ta lalace.

Likita ta sunkuya, ta danna tafin ƙafar hagun da yatsa. Matar ko gezau. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, gefen tafin ya saɓule kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

"Wannan ƙuna ce a kan ciwon. Me aka sa mata?"

Kafin ya buɗe baki matar ta riga shi. Ta ce ita ta daka tafarnuwa ta ɗaura da kanta, maigida yana shago, bai ma sani ba. 'Yarsu, wadda ta baro aiki ta kawo su asibitin, ta hau ta da faɗa, wai ita da ciwon suga, sau nawa aka ce kar ta sa wa ƙafar nan komai. Uwar ta ce tsufa ne, a yi haƙuri. Tana faɗa tana kallon rufin ɗakin.

Ƙarya take yi. Shi da ita kaɗai suka sani.

Sati biyu da suka wuce kantar da ke ƙarƙashin babban yatsanta ta fashe. Ɗan ciwo ne, bai kai ƙwayar wake ba. Wani direban babbar mota da ke kawo masa gyara ya ce babu ƙwayar cutar da ke tsayawa gaban tafarnuwa, shi da ita yake karyawa kullum. Mai Takalma ba ya sayen magana da baki. Ko fata aka kawo masa sai ya ja ta ya murza. Don haka ya daka ya ɗaura a bayan hannunsa. Minti goma ya ji kamar garwashi, ya fizge, ya ce lallai abin nan na aiki.

A gida ya ɗaura mata, ya ce da ta ji zafi ta faɗa a cire. Ya tambaya, ta ce ba ta jin komai. Bayan awa guda ya sake tambaya, ta ce ya ƙyale ta da surutu. Har tsiya ya yi mata, wai ƙafarta ta fi tayar mota tauri. Ya bar abin ya kwana. Kwana huɗu yana sabuntawa. Da wurin ya yi ja ya ɗuri ruwa, ya ce dafin ne yake fita.

Shi kuwa ya sha zazzage tsakuwa daga takalminta, ta yini tana takawa ba ta sani ba. Suga ya daɗe da kashe jin ƙafar. Yana gani da idonsa, bai taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Likita ta kira shi da 'yar zuwa baranda. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ruɓar ta kai ƙashi, gobe da safe za a yanke daga ƙasan gwiwa, in aka jira ta shiga jini sai a rasa matar gaba ɗaya. Sai ta ƙara da wata tambaya: ban da ɗaurawa, tana haɗiyar ƙwayoyin tafarnuwa irin na kwalba? Domin suna iya tsinka jini, kuma ba ta son ta sani bayan ta sa wuƙa.

'Yar ta ce a'a, duk maganin Inna ita take jerawa da hannunta.

Kwalbar ƙwayoyin kuwa tana aljihun rigarsa, yana jin ta a haƙarƙari. In ya yi shiru, matar ta riga ta rufa masa asiri, 'yarsa za ta ci gaba da kallonsa kamar jiya. Ya zaro ta ya miƙa.

"Biyu nake ba ta kullum da safe. Ɗaurin ma ni ne. Ba ita ba ce."

Likita ta karanta jikin kwalbar, ta rubuta, ta ce gara da ya faɗa, za a tanadi jini. 'Yar ta matsa gefe har kafaɗarta ta daina taɓa tasa. Da aka kawo takardar amincewa, ita ta karɓi biron.

Ya koma ɗakin ya zauna a bakin gadon. Matar ta dube shi sau ɗaya.

"Ka faɗa ko? Kai dai cikinka ba ya riƙe ko ruwa."

Ta bar shi ya gama sharce hanci da bayan hannu, wurin da tabon gwajin yake, sannan ta tambaye shi takalman da yake ɗinka mata, masu taushin nan da ya yi wata guda yana cika baki a kansu. Ya ce saura ƙafa ɗaya.

"Wanne ka gama?"

Da mai ciwon ya fara. Soso biyu ya shimfiɗa a ciki, ya juya ɗinkin waje don kar ya goge ta.

"Na hagu."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ja mayafi ta rufe baki. Da ta sauke ta ce ya tashi ya je ya ƙarasa na daman, kar a ce matar mai takalma ta fita asibiti da silifa.

Rana ba ta faɗi ba ya buɗe shago. Na hagun yana kan kantar shagon, a goge, yana sheƙi. Ya shimfiɗa sabuwar fata, ya ɗauko kwalin da ya zana tafin ƙafarta a kai, da ɗan karkataccen yatsan nan da yake tsokanarta da shi. Zane ɗaya ne gare shi, na hagu. Ya kifa shi, ya zama na dama, ya ɗauki wuƙa.