Gobarar Zauren Malam Hamma

Shekara biyu bayan yunwar Kakalaba, mutanen Ɗanzomo sun fara mayar da jiki ke nan, sai gobara ta tashi a unguwar malamai da rana tsaka. Daga murhun maƙwabta ta fara, iskar bazara ta kwashe ta ta aza a kan jinkar zauren marigayi Malam Hamma. Kafin a jawo ruwa daga rijiya, zaure ya zama toka.

Ba zauren ne abin kuka ba. A cikinsa Malam ya bar littattafansa rataye cikin gafakoki: na fiƙihu, na nahawu, na magani, da waƙoƙin wa'azi na ajami. Tun yana raye bai taɓa hana kowa aro ba. Mutum zai zo daga nesa ya ɗauka, ya je ya kwafa da hannunsa, ya mayar. Da ya rasu 'yarsa Lauratu ta ɗora, don ita ta yi karatu a gabansa. Mijinta ya rasu a yunwar, ta dawo gida tana koyar da matan unguwa. Yayanta Dogo kuwa noma ya sa a gaba.

Da wuta ta lafa, Lauratu ta tsuguna tana tonon toka da kara, hawaye na ɗiga. Ko takarda ɗaya ba ta tsira ba.

Dogo ya ce, "Tashi, Laure. Abin da wuta ta ci sai haƙuri."

Ta ɗago kai. "Yaya, na gidan nan ta ci. Waɗanda aka kwafa aka tafi da su fa? Ai ba ta bi su gidajensu ba."

"To wa zai bi gari gari yana nemansu?"

"Ni. In kana jin kunyar a ga ƙanwarka ita kaɗai a hanya, ka ɗaura wa jaki akumari."

Dogo ya yi ta gunaguni, amma ya ɗaura.

A Sule Tankarkar liman ya fito da na nahawu, ya ce ta riƙe har ta gama. A Maigatari wani maɗinki ya zaro na magani daga cikin tukunyar da yake ɓoye shi saboda gara. Wani bafatake daga Damagaram da ya ji labari a kasuwa ya kwance kayansa ya ba ta damin takardu sadaka, ya ce shi ma ya taɓa kwana a wannan zaure. Duk inda suka sauka sai labari ya riga su. Ta dawo gida, ta dafa tawada, ta rarraba aikin kwafa ga duk mai kyawun hannu a garin.

Saura babban littafin fiƙihu, wanda mahaifinta ya fi ji da shi. Mutum ɗaya ya taɓa kwafe shi duka, Malam Ya'u na Gagarawa, wanda kowa ya san ko almajiransa ba sa taɓa masa gafaka.

Da suka isa Gagarawa ita da Dogo, Lauratu ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe shi, ya yi mata jaje. Da ta faɗi buƙatarta sai fuskarsa ta sauya.

"'Yar Malam, littafi ba ya fita daga gidana. Sakin hannu irin na mahaifinki, ga inda ya kai ku."

Dogo ya yunƙura zai yi magana, ta riga shi.

"Allah ya gafarta Malam, ba sakin hannu ya ƙone su ba, jinka ce. Da Baba ya riƙe nasa kamar yadda ka riƙe naka, da yau ba ka da shi, mu ma ba mu da shi."

Malam Ya'u ya shafa gemu, ya dubi ƙasa.

"Na riga na yi rantsuwa ba zai fita ba."

"Kada ya fita. Ni zan shigo. A ba ni tabarma a ɗakin Iya."

Iya ita ce matarsa, tana tsaye a bayan zana tana ji. Ta ce, "Ga tabarma an shimfiɗa, Malam."

Haka Lauratu ta zauna a Gagarawa. Kullum da safe Malam Ya'u zai aiko da 'yan takardu, ta kwafa, da la'asar ya karɓa ya duba ko ta yi kuskure. Da farko yana dubawa fuska a murtuke. Daga baya ya koma yana zama a bakin ƙofa suna tattauna mas'ala, matan gidan na saurare suna sussukar gero. Ta gama dab da faɗuwar damina.

Dogo kuwa da ya koma Ɗanzomo bai zauna ba. Ya tara samarin gari suka kwaɓa ƙasa, suka gina sabon zaure, wannan karon soro, ba ko tsinken ciyawa a kansa.

Bayan kaka aka buɗe shi ranar wata Juma'a. Mutane suka zo daga ƙauyuka, har da Fulanin rugagen kusa da ƙoren nono. Aka rataye gafakoki, sai turakun bango suka kasa, don wasu sun kawo littattafan da Malam Hamma ma bai taɓa mallaka ba. Ana cikin haka aka hango jaki da kaya niƙi-niƙi, Malam Ya'u na biye da sanda.

Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Na yi kaffarar rantsuwata. Ina za a rataye waɗannan?"

Mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida. Lauratu ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Yaya, a ƙaro turaku!"

Dogo ya ɗauki gatari ya nufi bayan gari da sauri.