Tokar Baba Hambali

Sati uku ke nan motar Ɗanladi tana zubar da baƙin mai, kuma babu bakaniken da bai leƙa ƙarƙashinta ba a garin Kura. Gingimari ce mai bodin katako, ta Alhaji Maikuɗi, da ita yake kwasar kwandunan tumatir daga gonakin Kadawa zuwa Kano. Duk inda ya tsaya, ko da na sallar azahar ne, in ya tashi sai ya bar baƙin tabo kamar faifai a ƙasa. Har masu lodi sun fara tsokanarsa, wai motarsa ba ta da kunya, a gaban kowa take fitsari.

Makanikan kuwa, Allah ya shirye su, duk kansu ɗaya. Kowa ya kwanta a ƙasa ya ga inda ɗigon yake faɗowa, sai ya ce ai ga wurin nan. Sau biyu ana kwance kwanon da mai ke taruwa a ƙarƙashin inji ana sake ɗaure shi, mota ta ci gaba da abinta. Ɗanladi yana tsaye yana kallonsu kawai, alhali ya san kuskurensu sarai. Daga sama man yake gangarowa, iskar fanka ta kora shi baya, sannan ya ɗiga. Ya kuma san yadda ake bin sawunsa, don an koya masa tun gemu bai fito masa ba. Amma da zarar ya ɗebo kananzir zai wanke injin, sai muryar wanda ya koya masa ta faɗo masa a kunne, ya ajiye.

Baba Hambali na Bunkure ne ya koya masa. Shekara tara ya yi a hannunsa, a gidansa yake ci, a zaurensa yake kwana. Saura wata biyu a yaye shi, a tara mutane a raba goro a yi addu'a, ubangida ya miƙa masa sifanu a gaban kowa, sai aka zo neman masu gyaran katafila a aikin dam ɗin Tiga. A shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama ke nan. Baba ya ce ya dakata a gama, Ɗanladi ya ga wata biyu kamar shekara biyu. Wata safiya ya ɗauki jakarsa ya bi motar ma'aikata, ko sallama bai yi ba.

Shekara biyar ke nan. Aikin dam ya ƙare, ruwa ya biyo kanal ɗin ban-ruwa, alkama da tumatir suka rufe ƙasar da a da ko akuya ba ta samun abin ci a cikinta da rani. Shi kuma ya koma direba. Bunkure ba wata tafiya ba ce daga Kura, amma ko lodi aka ba shi can sai ya ƙirƙiro dalili. Kunya ce ta tsare shi, kewa kuma tana cinsa. Yana kewar tsawar tsohon, da yadda yake shinshina mai a yatsa kafin ya yi magana. Ya fi kewar sunan da yake kiransa da shi, Sarkin Gaggawa, wanda babu mai kiransa da shi yanzu.

Wani manomin albasa ne ya gaya masa cewa ciwon yanar ido ya rufe idanun Baba Hambali, gareji ya mutu, sai zaman gindin darbejiya. Ranar Talata da hantsi, Ɗanladi ya ƙara mai galan guda, ya juya kan mota zuwa Bunkure.

Tsohon yana kan tabarma, ya rame, idanunsa sun yi fari. Ɗanladi ya sauko, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi sallama. Baba ya amsa.

"Direba," in ji shi, "me ke tafe da kai?"

Direba. Da marinsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

"Baba, mai take zubarwa."

"Na ji ƙaurinsa tun daga kwana. Makanikan Kura sun ƙare ne?"

"An duba, Baba. Ba a gane ba."

Tsohon ya juya fuska wajen zaure ya ɗaga murya. "Baraka! Tankaɗo mana toka, mai laushi."

Inna Baraka, matarsa, ta leƙo da rariya a hannu. Tana ganin wanda ke durƙushe sai ta dafe ƙirji. "Ɗanladi? Ashe kana duniya, ɗan nan?"

"Toka na ce," in ji Baba, ta koma ciki tana share ido da gefen mayafi.

Aikin bai canza ba ko kaɗan. Ɗanladi ya buɗe murfin inji, ya wanke ko'ina da kananzir, ya goge da tsumma, ya bar rana ta busar. Sannan ya riƙa ɗiban tokar a tafin hannu yana hura wa injin, lungu da saƙo, har ƙarfen ya yi fari fat. Tsohon yana jin sautin hurawar daga inda yake.

"A hankali. Ba wuta kake hurawa ba."

Ɗanladi ya ji daɗin tsawar nan har cikin ransa. Ya tayar da mota, ya dawo ya kama hannun Baba ya kawo shi gefen injin. Hannun da a da yake murɗe noti ba sifana, yau ba nauyi ko kaɗan.

"Ni ba na gani," in ji tsohon. "Kai za ka gaya mini. Me tokar ta ce?"

Da farko babu komai. Can sai wani siririn baƙin layi ya bayyana a cikin farin, yana saukowa a hankali.

"Ga shi nan, Baba. Ya jiƙe a bakin kwano."

"Nan ya sauka. Hau sama."

"Ya bi ta bayan sitata."

"Hau."

"Ya tsaya a gindin ƙaramin bututun nan da ke zuwa gejin mai. Sama da nan tokar a bushe take."

"Kashe ta, ka kai hannuna."

Ya kashe, suka jira ƙarfen ya huce, ya ɗora yatsun tsohon a wurin. Baba ya shafa, ya murza, ya kai hanci.

"Washar jan ƙarfe ce ta tsage. Abin da bai kai ƙwandala girma ba. Tun yaushe take zuba?"

"Sati uku."

"Sati uku kana yawo da abin da ka iya ganowa kafin a sha fura. Kai da wata biyu ya gagare ka jira."

Ɗanladi ya zube a ƙasa, tokar hannunsa ta ɓata masa gwiwa. "Baba, na yi laifi. Kullum da shi nake kwana, da shi nake tashi. Ban san da wace fuska zan zo ba."

Tsohon ya laluba ya koma kan tabarmarsa, ya ce a miƙo masa gwangwanin madarar da ke kan katangar zaure. Ɗanladi ya san gwangwanin nan, shi ne yake tsince washoshi yana zubawa a ciki shekara da shekaru. Baba ya juye su a tafin hannu yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Daga inda Ɗanladi yake durƙushe yana ganin guda huɗu, ko biyar, daidai bakin bututun. Ya ga yatsan tsohon ya tsaya a kan ɗaya, ya zagaye ta, ya daɗe a kanta, sannan ya ture ta cikin sauran.

"Babu daidai ita," in ji Baba Hambali. "Naɗe wurin da zare, zai kai ka kwana uku. Sai ka dawo ranar Juma'a, in sa a nemo."

Ɗanladi ya dubi washoshin, ya dubi fararen idanun.

"To, Baba. Babu."

"In za ka zo, ka taho da goro ƙwarya guda. Zan gaya wa liman da mutanen unguwa su tsaya bayan an sauko daga masallaci. Sifanun nan suna ƙarƙashin gadona shekara biyar, tsatsa za ta cinye su a banza."

Ɗanladi ya miƙe ya nufi mota don kada Inna Baraka, da ke tsaye a bakin zaure, ta ga fuskarsa.

"Ina kuma za ka, Sarkin Gaggawa?" in ji tsohon. "An ɗora tukunya da kai. Wanke hannun nan ka zo ka zauna."