Dutse a Kan Ganye

Duk direban da ya san hanya ya san ganye. In motarka ta mutu a daji, kafin ka buɗe bonet sai ka ɗauki adda ka saro rassa, ka jera su a kan titi tun daga nesa, domin mai zuwa a bayanka ya rage gudu. Wannan ko ɗan koyo ya sani. Abin da ba kowa ke yi ba shi ne danne kowane reshe da dutse. A duk tashar Kawo mutum ɗaya na sani mai wannan hali, abokina Gideon, kuma mun sha yi masa tsiya a kai, har muna kiransa Injiniya. Sai ya yi dariya ya ce, "Ja'afaru, in ba ka danne ba, ruwa ka yi wa aiki."

Gideon ya rasu daminar bara, kuma ni ne sanadi. Na sauke fasinja ina dawowa ni kaɗai, fanbel ya tsinke mini a wata kwana, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rabin motar na kan titi. Na dubi addar, na dubi ruwan, na ce bari ya ɗan tsagaita. Ko minti goma ban yi ba Gideon ya shawo kwanar da motarsa, shi ma shi kaɗai. Ya kauce mini, ya daki bishiya. Da aka tambaye ni, na ce na sa ganye, ruwa ne ya tafi da su. Shugaban tasha ya yarda. Matar Gideon, Talatu, da muke kira Maman Blessing, ta yarda, har tana ba ni haƙuri. Tana sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, ni kuwa tun daga ranar na koma cin abinci a Hayin Banki, ina cewa likita ya hana ni wake.

Wata Alhamis cikin Agusta, bayan azahar, na gama lodi zan tafi Tudun Marke, na buɗe ƙofa na tarar da ita zaune a kujerar gaba da jaka a cinya.

"Malam Ja'afaru, ka yi wuyar gani," ta ce. "Wajen Blessing zan je, an mayar da ita aiki asibitin can. Na ce in ba motarka ba, ba zan shiga ba."

Na ce na gode, na tayar da mota.

Tun muna barin Kawo hadari ya haɗo daga gabas. Muna sauka daga babban titi muka ɗauki ƙaramar hanya sai ruwa ya ɓalle. Ƙarfe uku na rana amma sai da na kunna fitila. Na kashe rediyo, na koma giya ta uku, ina taɓa birki a hankali kamar mai tashin jinjiri. Waifa na ta faman share ruwa, gilashi na yin gumi, Maman Blessing ta karɓi tsumma tana goge mini.

A cikin fasinja akwai wani matashi mai kwat, Jamaluddeen ya ce sunansa, ko da yake ba wanda ya tambaye shi. Shi ne direba na biyu, irin wanda ba a rasawa a kowace mota.

"Direba, keke muka hau ne? Taka mana!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai birki a kujerarka? In babu, bar ni da nawa."

Ana cikin dariya na hango reshe na farko a gefen dama. Na ɗaga ƙafa daga totur. Can gaba ga na biyu.

Wata 'yar kasuwa a baya, Hajiya Balki, ta kama kujerar gabanta ta ce, "Kada ka tsaya! Wallahi haka suke yi. Su sa ganye, kana rage gudu su fito daga masara da bindigogi."

Ba ƙarya ta yi ba, kowa a motar ya san wanda aka ɗauka ta haka. Hagu da dama masara ce da ta fi mutum tsayi, mutum ɗari za su ɓuya a ciki. Motar ta ruɗe da salati, Jamaluddeen yana buga bayan kujerata yana cewa in taka. Rai goma sha takwas a hannuna. In na tsaya, ƙila daji za mu kwana. In na taka, ban san abin da zan daka ba.

Sai na lura da abu biyu. Rassan na darbejiya ne, kuma shekara tara ina bin hanyar nan, babu darbejiya ko ɗaya tsakanin gonakin. Sannan ruwa na gudu a kan kwalta da ƙarfin da zai tafi da bokiti, amma ko reshe ɗaya bai motsa ba. Kowanne da dutse a kansa.

Ɗan fashi ba ya tsayawa neman dutse.

Tsumman ya tsaya cak a hannun Maman Blessing. Ban dube ta ba. Na koma giya ta biyu. Rassan suka riƙa matsowa kusa da juna, biyar, shida, bakwai. Na takwas yana kwance a tsakiyar titi. Na tsaya a gabansa, na kunna fitilun gargaɗi, na ja birkin hannu.

Babu wanda ya fito daga masara. Babu mota a gaba, titi ne kawai ruwa ya shafe shi, kamar yadda yake tun ɗazu.

Na sauka. Na durƙusa na duba reshen, saran sabo ne fil, fari, ko baƙi bai fara ba. A taɓon gefen hanya babu sawun mutum, babu na babur. Na yi taku ashirin, ruwa iya idon sawu, ina dogara addata a gaba. A taku na ashirin da ɗaya addar ta nutse har hannuna. Kwalbatin da ke ƙarƙashin titin ya tafi gaba ɗaya. Jan ruwa ya cika ramin daidai da kwalta, yana wucewa shiru. Daga kujerar direba ba wanda zai gane.

Na ɗaga kai na dubi ƙetare, don in ga ko masu zuwa daga can za su sami gargaɗi. Akwai rassa a can ma. Na ƙirga huɗu. Na share ruwan da ke fuskata, na sake ƙirgawa, biyar. Babu kowa a wajen. Sanyin da na ji a lokacin ba na ruwa ba ne.

Da na juyo, Maman Blessing na tsaye a bayana ba lema, riƙe da dutsen reshe na takwas da hannu biyu.

"Ko shanyar barkono na yi a gida, sai Gideon ya bi ya danne kusurwa huɗu," ta ce. "Na sha yi masa faɗa a kai." Ta juya dutsen. "Malam Ja'afaru, shekara guda ina so in tambaye ka, kana gudu na. Ya ce mini ya koya maka. Ranar nan, ka ɗora dutse?"

Ta ba ni ƙofa. In na ce mantawa na yi, za ta karɓa, kowa na mantuwa. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka, sai idona ya koma ƙetare. Rassan sun zama shida.

"Maman Blessing, ko ganyen ban sa ba. Ina zaune a cikin mota, ina jiran ruwa ya tsaya."

Ta daɗe tana kallona, ruwa na zuba daga ɗankwalinta. Na so ta zage ni, na so ta jefe ni da dutsen. Sai ta miƙo mini shi.

"Mayar da shi inda yake," ta ce. "Akwai motoci a bayanmu."

Na mayar. Na yi ribas a hankali har na sami wajen juyawa, ina tsayar da duk motar da na gamu da ita. Fasinja suna ta sa mini albarka, Hajiya Balki na kuka, Jamaluddeen ya ce bai taɓa ganin direba kamata ba. Maman Blessing ta shiga can baya ta matsu tsakanin kaya.

Kujerar gaba babu kowa har Kawo. Gilashi ya riƙa yin gumi, tsumman yana nan ajiye a kanta, amma na kasa miƙa hannu wajen.