Kazar Ɗori

A ƙauyukan da ke gabas da Mai'adua, idan aka ce karaya to an ce Ɗantsoho. Ɗori gadonsu ne, kuma ya shekara talatin yana yi. Gidansu yana da ƙa'ida ɗaya da ba a tsallakewa: duk wanda aka kawo da babbar karaya, danginsa su zo da kaza. Sai Ɗantsoho ya karya mata ƙafa, ya ɗaure da kara da tsumma, ya ajiye ta kusa da majinyaci. Ranar da kaza ta taka ƙasa, ranar mutum zai taka. Kafin nan, ko ka rantse ka warke, ba ka tashi. Asibiti kuwa a bakinsa mahauta ce, wai ka kai musu ƙafa biyu su sallame ka da ɗaya.

Sai ga shi a ranin bara ya hau gawo zai kakkaɓo wa raguna 'ya'ya, reshe ya ɓalle, ya faɗo a zaune. Hannunsa ya san ƙashi. Da ya laluba tsakiyar bayansa, ya kuma ji kamar kiyashi na bin ƙafafunsa, ya gane wannan ta fi ƙarfin kara. Matarsa Siddiƙa ta buga wa 'yarsu Fadila waya, wadda ke aikin jinya a Daura. Ranar kasuwar Mai'adua ce, gari ba kowa, aka kwantar da shi a kan ƙyauren ƙofa aka sa a mota sai Kano. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada wanda ya ji. Siddiƙa ta shaida wa maƙwabta an kai shi wurin wani kawunsa a Nijar, tsohon maɗori.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashi ya nuna masa gaɓa ɗaya da ta murƙushe, ɓallinta na neman taɓa laka. Ya ce za su ɗaura kusoshi masu zare guda takwas, huɗu a gaɓoɓin sama, huɗu a na ƙasa, su haɗe su da sandunan ƙarfe biyu, su riƙe wurin har ƙashi ya kama kansa. Ɗantsoho ya daɗe yana kallon hoton. A ransa ya ce ashe ɗori ne, karan kawai suke sawa ta ciki. Bai faɗa ba, don kada yaron likitan ya ji daɗi.

Kwana uku da tiyata aka tashe shi tsaye cikin wata rigar roba mai tauri da ake ɗaurewa daga ƙirji zuwa ƙugu. Ranar sallama likita ya ja kunnensa: kada ya duƙa, kada ya ɗauki kaya, kuma lallai ya yi tafiya safe da yamma, don doguwar kwanciya tana daskarar da jini a ƙafa.

Ya dawo gida da babbar riga a kan robar, ya kwanta a zaure don 'yan dubiya, da niyyar ya yi kwana biyu ya miƙe a ce hannun kawu ya yi albarka. Bai yi lissafi da Badaru ba.

Badaru taubashinsa ne, ɗan namiji, tun suna yara yake kiransa bawa. Washegari da hantsi ya yi sallama da akurki a hannu, zaure cike da mutane. Ya zauna, ya yi jaje, ya waiwaya dama da hagu, sannan ya tambaya cikin ladabi ina kazar take. Ɗantsoho ya ce an baro ta can Nijar. Badaru ya ce ai ya yi zaton haka, shi ya sa ya zo da wata, don bai kamata a ce mai doka ya tashi ba shaida ba. Mutane suka gyaɗa kai, aka ce gaskiya ne.

Ɗantsoho ya karɓi kazar, wata wake-wake mai kumburarren gashi. Dabara ta faɗo masa. Ya rufa mata gefen riga, ya yi 'yan addu'o'insa, ya karya wani guntun kara ƙas a tafin hannu don a ji ƙara, ya naɗe lafiyayyar ƙafa da tsumma. Bayan kwana uku zai kwance, kaza ta ruga, shi ma ya tashi. Har ya ji tausayin Badaru.

Kwana uku suka cika, ya kwance tsumma a gaban jama'a, ya ajiye ta a ƙasa. Kaza ta dube shi, ta baza fukafukai, ta lafe. Aka watsa mata gero, ta miƙa wuya ta tsattsaga na kusa, ta koma. Wani ya kai hannu, ta sare shi. Siddiƙa da ke leƙe ta bayan asabari ita ta fara ganewa, da aka watse ta raɗa masa:

"Malam, kazar nan kwanci take. Daga kan ƙwai Badaru ya ɗauko ta. Sai ta yi sati uku a haka."

Ya ce a sake ta da wata. Ta ce duk garin nan wa bai ga wake-waken Badaru ba?

Daga ranar Badaru ya tare a zauren. Da hantsi zai zo da goronsa da 'yar rediyo, ba ya tafiya sai rana ta yi sanyi, wai zumunci. Ya kawo ƙwai shida ya zuba a akurkin, ya ce kada kaɗaici ya dame ta. Kullum sai ya tambayi labarin kawu: wane gari yake, da wane mai yake shafawa, me ya sa bawa yake kwance sambal kamar an haɗiye taɓarya. Ɗantsoho yana amsawa da ƙyar, yana kallon rufin zaure.

Tafiyar da likita ya ce, sai ta koma sata. Da an kira azahar Badaru ya tafi masallaci da sauran mutane, sai Ɗantsoho ya mirgina, ya dafa bango, ya shige cikin gida ya zaga rumbu sau biyar, Siddiƙa na gadin ƙofa. Rannan liman ya yi sauri, saura kaɗan a kama shi, ya kwanta da takalmi ɗaya a ƙafa. Badaru ya dubi takalmin, ya dubi kazar, ya ɓare goro. Fadila kuwa kullum tana waya tana tambayar taku nawa Baba ya yi, ta ce idan ƙafar ta kumbura ita da kanta za ta zo ta faɗa wa gari. Haushin duniya ya ishe shi. Ga kazar da ya tabbata tana sauka ta sha ruwa ta miƙe ƙafa duk lokacin da ba kowa, kamar shi.

A kwana na goma sha ɗaya, bayan la'asar, aka tsaya da amalanke a ƙofar gida. Wani magidanci ne kwance a ciki, mai suna Hussaini, daga wajen garin Babban Mutum, babur ya yar da shi, bayansa ya bugi kututture. Yayansa ya durƙusa a bakin zaure da kaza a hammata, ya ce sun ji yadda aka ɗora bayan Baba a Nijar, sun zo a yi wa ƙaninsa irinta. Mutum huɗu suka kama hannu da ƙafa za su sauko da shi kamar buhu.

Ɗantsoho ya ga yadda tsakiyar mutumin za ta lanƙwashe. Ya dubi zauren, mutum ya kai goma sha biyar, cikinsu har da waɗanda ya taɓa tsarewa wata biyu a kan tabarma saboda kaza.

"Kada ku ɗaga shi," ya ce.

Ya mirgina, ya dafa bango, ya miƙe. Ya taka har bakin amalanke, ya tsunkuli yatsan ƙafar Hussaini ya tambaye shi ko ya ji. Ya ce ya ji kaɗan. Ɗantsoho ya sa aka ciro ƙyauren ƙofa, aka zura a ƙarƙashinsa ba tare da an tanƙwara shi ba, aka ɗaure shi da rawani a ƙirji da ƙugu da gwiwa. Sannan ya ɗage babbar rigarsa har wuya, robar ta bayyana, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa.

"Ba ni da kawu a Nijar. Ƙarfe ne a bayana, kusa takwas da sanda biyu, a Kano aka sa. Hannu da ƙafa ku kawo mini. Baya ba nawa ba ne."

Wani dattijo da ya taɓa karyewa a cinya ya soma lissafa kwanakin da ya yi a kwance, da ƙarfi, yana nanatawa. Badaru ya tauna goronsa ya haɗiye.

"Bawa, ka tashi ba izini," ya ce. "Amma tafiyar ta fi ta bayan rumbu kyau."

Ɗantsoho ya sauke rigarsa. Yayan Hussaini ne ya matso, har yanzu da kazarsa a hammata, ya ce su ba su taɓa zuwa Kano ba, ba su san ƙofar da ake shiga ba, ko Baba zai daure ya raka su. Ɗantsoho ya ce a nemo mota mai shimfiɗa, a gaya wa direba ya bi ramuka a hankali, marasa lafiya biyu zai ɗauka. Ya aika ciki Siddiƙa ta miƙo masa hularsa da hoton ƙashinsa, ya tsaya a ƙofar gida yana jira, mutane na zagaya shi suna leƙen bayansa.