Kwalin Filtar Ba-Birki

Asibitinmu kwantena ce da aka fasa wa tagogi aka ajiye a gefen tashar manyan motoci, tsakanin mai faci da mai wankin mota. Direbobin dogon zango muke dubawa: gwajin jini, kwaroron roba ga mai so, da magani ga wanda aka samu da cuta mai karya garkuwar jiki. Sista suke ce mini, a bayan idona kuma Sista Masifa. Na sani sarai, ko a jikina. Wadda ba ta iya masifa ba, ba za ta iya sa direban tirela ya sha ƙwaya kullum ba.

A cikinsu duka babu wanda nake alfahari da shi kamar Ba-Birki. Bakinsa ne ya ja masa sunan, ba tuƙinsa ba, don in ya fara zuba sai dai ka tashi ka ba shi wuri. Amma a kan abu ɗaya ya iya ɗinke bakin nan: ban da ni da matarsa, babu wanda ya san yana ɗauke da cutar. Ya yi shekaru yana shan magani ba fashi, har ƙwayar cutar ta kwanta, na'ura ta daina ganinta a jininsa. Muddin ta zauna a haka, ba zai sa wa matarsa ba. Ita kuwa lafiyarta ƙalau, ga tsohon ciki, na fari.

Sai ga wayarsa wata safiya. Ruwa ya ci gada, tirelarsa na tsallaken kogi cikin layin motoci da ba a ganin ƙarshensa. Ba ya iya barin kayan mutane ya taho, maganin da ya tafi da shi kuma ya kusa ƙarewa.

"Ka kwantar da hankalinka, yau zan aiko," na ce.

"Sista, don girman Allah kada ki aiko shi a robarsa. Kin san mutanenmu, kowane saƙo sai an girgiza an ji me ke ciki."

Gaskiyarsa. Direbobi ba su san gidan waya ba. Saƙo daga hannu zuwa hannu yake tafiya, mai tanka ya ba mai tirela, mai tirela ya ba mai bas, kuma ba ya ɓata, sai dai kowa ya san abin da ya ɗauko. Na leƙa wajen mai wankin mota na tsinci kwalin filtar mai da aka yar. Na cusa robar maganin, na danne ta da auduga har ta daina ƙara, na naɗe da salatif, na rubuta sunansa. Na miƙa wa wani mai tanka da zai bi hanyar. Ranar har yabon kaina na yi.

Washegari waya ta sake ƙara.

"Sista, filta ce!"

"Eh mana, kwalin filta. Buɗe."

"Na buɗe! Filta ce ta gaske, sabuwa dal, ga ta a hannuna! Kuma ƙwayar ƙarshe na sha jiya!"

Na kira mai tanka ina zazzaga masa masifa tun kafin ya gama sallama. Ya rantse bai buɗe ba. Ya dai tsaya a garejin Baba Sufana a duba masa birki, tsohon ya ga kwalin a gaban mota, ya karanta lambar jikinsa, ya yi tsaki ya ce wane jahili ne ya aika wa yaronsa wannan. Ya ɗauko wadda ta dace da injin ya musanya, ya ajiye tawa a kan kanta.

Baba Sufana! A duk kanikawan duniya sai shi. Shi ya koya wa Ba-Birki riƙon sitiyari, shi kuma ya ba shi 'yarsa.

Na garƙame kwantena na haye babur ba tare da na cire farar rigata ba. Garejin rumfar kwano ce, ƙasa baƙa ƙirin da mai, gawarwakin injuna ko'ina. Na hango kwalina can sama, tsakanin wasu kwalaye, salatif ɗina na ƙyalli. Tsohon na ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Baba, sannu da aiki. Kwalin nan na zo karɓa, ni na aika shi."

Ya turo kansa waje ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ce? 'Yar nan, allura aka koya miki ko inji? Wannan ta ƙaramar mota ce. In ya ɗaura ta inji ya buga a daji, wa za a zaga? Ni."

"Ba ɗaurawa zai yi ba, Baba. Ka dai ba ni."

"To cin ta zai yi? Kayan da bai dace ba ba ya fita daga garejina zuwa motar da nake dubawa. Tsaya ma in nuna miki bambancin." Ya miƙe ya zaro wuƙa daga aljihu, ya jawo tsani.

"Kada ka buɗe!"

Ihun da na yi har mai walda na maƙwabta ya kashe wutarsa. Tsohon ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan tsani. Ga magani ina kallo, ga bakina a ɗaure, don sirrin mara lafiya amana ne, ba nawa ba ne balle in bayar. Na koma gefe na kira Ba-Birki.

"Kwalin na hannun surukinka, kuma ba zai sake shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba zan faɗa ba, sai kai."

Na ji numfashinsa a waya, da hayaniyar direbobi a bayansa. Can ya ce, "Ba shi wayar."

Tsohon ya karɓa ya zaga bayan wata matacciyar tirela. Nasa ɓangaren kawai nake ji.

"Ina jin ka." Sai kuma: "'Yata ta sani? Tun kafin aure?" Sannan: "Ita fa? Abin da ke cikinta fa?"

Ya fito ya miƙo mini wayar. "Ya ce in tambaye ki."

"Lafiyarta ƙalau, Baba, ni nake gwada ta. Abin cikinta ma haka. In dai yana shan abin da ke kwalin can kullum, ba za ta ɗauka ba. In ya yi ta fashi ne cutar za ta farka."

Ya dube ni, ya dubi kanta. Kan ka ce kwabo ya haye tsanin nan kamar ɗan shekara ashirin, ya sauko da kwalin a hammata.

"Shiga mota!"

Wata tsohuwar a-kori-kura ce da ƙofarta ke ɗaure da waya, amma injin, tabarkalla! Muka ɗauki hanya, yana danna ham yana zagin duk wanda ya tare masa gaba, ni kuma da aka sani da faɗa na ƙanƙame kujera ina salati ina dariya. Wani mai bas ya leƙo ya ce ina gobarar take, tsohon ya ce a gidan ubansa. Rabona da jin daɗi irin na ranar har na manta.

A bakin kogi muka shiga kwalekwale. Ashe Baba Sufana tsoron ruwa yake. Ya runtse ido, ya rungume kwalin a ƙirji, bai buɗe ba sai da muka daki gaɓa. Direbobin layi suka ɗau sowa: "Ba-Birki, wata filtar ta iso! Motar taka filta take ci ne?" Tsohon bai kula kowa ba. Ya tasa surukinsa gaba har cikin kan tirela, na bi su da robar ruwa, ya ja ƙofa.

"Baba," in ji Ba-Birki, idonsa a ƙasa, "tsoro na ji kada ka raba ni da ita."

Tsohon ya yanke salatif, ya zare audugar, ya murɗe murfin da yatsunsa masu baƙin mai. Ya zazzago ƙwaya ɗaya a tafin yaron.

"Da raba ku nake so, da yanzu kwalin nan na kan kanta. Sha."

Ya sha. Tsohon ya bi maƙogwaronsa da kallo har ta wuce.

"Wane lokaci kake shan ta?"

"Da safe, kafin in tayar da mota."

"To ka riƙa barin wayarka a kunne. Ni ma lokacin nake tashi."